Yadda na hana sabar wasana jiran kowa

Wasan da nake ginawa ba wani babba ba ne. Fili ne guda da ake kallo daga sama, 'yan wasa har goma sha shida a ɗaki ɗaya, kowa na gudu yana harbi. Zane da motsi duk suna aiki a kwamfuta ɗaya tun kafin in taɓa batun netwok. Abin da ya rage shi ne sabar, manhajar da za ta zauna a tsakiya ta karɓi abin da kowa ya danna, ta lissafa inda kowa yake, sannan ta sanar da kowa. Na rubuta ta da C a kan Linux, kuma da gangan na ƙi jingina da kayan aikin da wasu suka riga suka gina, irin su ENet da RakNet. So nake in ga abin da suke rufe wa mutum.

Na tsara sabar ta riƙa bugawa sau 30 a daƙiƙa. Kowane bugu ke nan yana da milisakan 33 da ɗan ɗoriya: a cikinsu za ta karanta saƙonni, ta motsa duniyar wasan taki ɗaya, ta aika wa kowa sakamako. Wannan adadi shi ya zama alƙalin duk shawarar da na yanke daga baya. Duk abin da ya tsayar da sabar fiye da haka, mutum goma sha shida za su gan shi a allonsu lokaci guda.

Buɗe soket ɗin kansa, wato mashigar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta netwok, bai ɗauke ni wani lokaci ba. Kiraye-kirayen tsofaffi ne, tun 1983 suka fito daga jami'ar Berkeley tare da 4.2BSD, kuma har yau su ne: `socket` ya buɗe, `bind` ya ɗaure shi da lambar ƙofa, `listen` ya sa shi sauraro, `accept` ya karɓi mai shigowa, sai `recv` da `send`. Ko a Windows sunayen nan ne, da 'yan ƙare-ƙare. Abu ɗaya na saka tun farko, wato `SO_REUSEADDR`. In babu shi, duk sanda ka kashe sabar ka sake kunna ta nan take, `bind` zai ce maka adireshin yana hannun wani, domin Linux na riƙe da tsohuwar haɗuwar har daƙiƙa 60 bayan an rufe ta. Mai gyara kod yana sake kunna sabar sau ba adadi a wuni, ba zai iya zaman jiran minti guda kowane karo ba.

Da TCP na fara, ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin aika bayanai a intanet. Ba abin kunya ba ne: Minecraft na Java a kansa yake tafiya, a ƙofa ta 25565, yana bugawa sau 20 a daƙiƙa, kuma miliyoyin mutane suna buga shi. TCP ya ɗauke maka nauyin abubuwa biyu, duk abin da ka aika zai isa, kuma a jere yadda ka aika shi.

Wurin jira na farko yana cikin soket ɗin kansa. Yadda yake zuwa daga tushe, idan ka kira `recv` alhali ɗan wasa bai aiko da komai ba, manhajar za ta tsaya cak har sai ya aiko. Haka ma `accept`. Mutum ɗaya ya ajiye wayarsa ya tashi, sauran goma sha biyar sun daskare. Maganin da littattafan koyo suka fi nunawa shi ne a ba kowane ɗan wasa zaren aikinsa daban, wato layin aiki da ke gudana shi kaɗai a cikin manhajar, kowane zare ya yi jiransa shi kaɗai. Na duba wannan hanya na bar ta. Duniyar wasan guda ce, kuma duk zaren nan hannu za su riƙa sa mata lokaci guda, sai an kafa makullai ko'ina, kuma kuskuren da makulli ke haifarwa irin wanda yake bayyana yau ne ya ɓace gobe. Zare ɗaya na zaɓa, da soket marasa jira. Da `fcntl` na sa wa kowanne alamar `O_NONBLOCK`. Daga nan idan babu komai, `recv` zai dawo nan take da `EAGAIN`, ma'ana babu yanzu, a sake leƙowa.

To amma ba za ka zauna kana zagaya soket ɗai-ɗai kana tambayarsu ba, injin zai ƙone a banza. Kenel, wato zuciyar Linux da ke kula da injin, shi ake bar wa gadin. Tsohon kiran wannan aiki shi ne `select`, sai dai a Linux ba ya iya kula da soket mai lamba 1024 ko sama da haka, kuma kowane karo sai ka sake miƙa masa jerin gaba ɗaya. Tun 1999 Dan Kegel ya yi rubutu kan matsalar riƙe haɗuwa dubu goma a sabar ɗaya, kuma a shekarun da suka biyo baya FreeBSD ta samu `kqueue` a 2000, Linux ta samu `epoll` a 2002, sababbin kiraye-kirayen gadi da ba su da waɗannan matsaloli. Gaskiya ɗaki ɗaya mai mutum goma sha shida ko `poll`, ɗan'uwan `select`, ya ishe shi. Na ɗauki `epoll` ne saboda ina so sabar guda ta riƙe ɗakuna da yawa. Zagayen sabar sai ya zama haka: a duba agogo, a lissafa milisakan nawa suka rage kafin bugu na gaba, a ba `epoll_wait` wannan adadi a matsayin iyakar jiransa. In saƙo ya zo ya farka, a karanta, a sake lissafi. In lokaci ya cika, a buga. Agogon kuwa `CLOCK_MONOTONIC` ne, wanda gaba kawai yake tafiya, domin agogon kwamfuta na yau da kullum yana iya tsalle gaba ko baya idan kwamfuta ta daidaita lokacinta da intanet, kuma wasa ba ya son agogon da ke komawa baya.

Inda na fi daɗewa a ɓangaren TCP shi ne rarrabe saƙonni. TCP bai san saƙo ba, bayit kawai ya sani, wato 'yan gutsattsarin da ake auna bayanai da su. Kamar bututun ruwa yake: ka zuba kofi biyu ɗaya bayan ɗaya, a ɗaya bakin ruwa ne kawai zai fito, ba alamar inda kofin farko ya ƙare. Ka kira `send` sau biyu, `recv` ɗaya na iya kwaso su tare. Ka kira sau ɗaya, yana iya isowa kashi biyu. Mugun abin shi ne idan sabar da ɗan wasa suna kwamfuta ɗaya, kusan kullum saƙo ɗaya ne ke zuwa a karatu ɗaya, sai mutum ya saki jiki, ranar da aka fita intanet na gaske komai ya rikice.

Tsarin da na yi mai sauƙi ne. Bayit biyun farko na kowane saƙo suna faɗin tsawonsa, na uku yana faɗin irinsa, sauran kuma abin da ke ciki. Kowane ɗan wasa yana da ma'ajiyarsa ta shigowa. Duk abin da `recv` ya kawo, a ƙarshenta ake zuba shi, sannan a leƙa farkonta: bayit biyu sun samu? In sun samu, nawa suka ce? Adadin ya cika? In ya cika a ciro saƙon a sake leƙawa, in bai cika ba a bar shi sai wani karo. Na sa sabar ta riƙa buga mini abin da ta karanta don in gani. Saƙon motsi bayit 12 ne, sai ga karatu ɗaya ya kawo 19. Ta ciro 12, ta bar 7 a ma'ajiya, karatu na gaba ya kawo 5, saƙo na biyu ya cika. Don in tabbatar ba sa'a ba ce, na rubuta wani ɗan wasan bogi mai mugunta, wanda ke aiko da bayit ɗaya, ya ɗan dakata, ya aiko da wani. Sabar da ta iya haɗa saƙo daga irin wannan ɗigo, ta iya haɗa shi daga komai.

Bayit biyun nan na tsawo su ma suna da nasu tarko. A kan layin netwok, lamba 12 ana rubuta ta `00 0C`, babban bayit a gaba, haka ƙa'idar netwok ta tanada. Injinan Intel da AMD kuwa a juye suke ajiye ta, `0C 00`. In aka aiko ta a juye aka karanta a miƙe, 12 ta zama 3072, sabar ta zauna jiran bayit dubu uku da ba za su taɓa zuwa ba. Juya lamba zuwa tsarin netwok da dawo da ita shi ne aikin `htons` da `ntohs`. Saboda haka ma ban taɓa ɗaukar `struct`, wato ƙunshin filayen bayanai a C, ɗungurungum in cusa wa `send` ba, domin mai harhaɗa kod yana saka gibi tsakanin filaye yadda ya ga dama, kuma ba lallai gibin ya zo daidai a injin ɗan wasa ba. Fili-fili nake rubutawa, fili-fili nake karantawa. Sannan na sa iyaka: babu saƙon ɗan wasa da ya kamata ya wuce bayit 512. Duk wanda ya ce nasa 60,000 ne, ko manhajarsa ta lalace ko da wata manufa ya zo, kuma ko wanne ne rufe soket ɗinsa ake yi ba tambaya.

Mutane sun fi tsoron karatu, amma aikawa ma wurin jira ne. `send` ba ya aika komai da kansa, kwafa yake yi zuwa ma'ajiyar kenel. Idan layin ɗan wasa ya yi rauni, ma'ajiyar ta cika, sai `send` ya karɓi rabin abin da ka ba shi, ko ya ce `EAGAIN`. Dole ragowar ya samu wurin zama, don haka kowane ɗan wasa ya samu ma'ajiyar fita ma. Nan akwai wata 'yar ƙa'ida: kada ka roƙi `epoll` ya riƙa sanar da kai cewa soket ya shirya karɓar rubutu sai in da gaske akwai abin da ya maƙale. Soket kusan kullum a shirye yake, don haka in ka bar `EPOLLOUT` a kunne, zagayen ba zai taɓa runtsawa ba, injin ya haye kashi 100 yana aikin banza. Ita ma ma'ajiyar fita na sa mata iyaka. Wanda tasa ta cika, sallamarsa ake yi. Da zafi, amma in ba haka ba mutum ɗaya mai raunin layi zai cinye ƙwaƙwalwar sabar.

Sai batun masu tafiya. Wanda ya rufe wasa yadda ya kamata, `recv` zai dawo da sifiri, ka san ya tafi. In ka rubuta wa soket ɗin da ɗaya ɓangaren ya riga ya yanke, Linux na iya jefo maka `SIGPIPE`, kuma wannan sigina kashe manhaja take yi tsit, ba ko sallama, shi ya sa kowane `send` nawa yake ɗauke da `MSG_NOSIGNAL`. Mafi wuya shi ne wanda cajinsa ya ƙare ko netwok ɗinsa ya ɗauke. Babu abin da zai zo, shiru kake ji. TCP yana da nasa hanyar leƙa ko mutum na nan, amma a Linux sai bayan daƙiƙa 7200 na shiru yake fara leƙawa, awa biyu cur, kuma sai ka kunna shi ma. Na yi nawa: ɗan wasa ya aiko da wani abu aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa ko da bai danna komai ba, wanda ya yi daƙiƙa 10 ba a ji ɗuriyarsa ba a fitar da shi daga fili.

Duk da haka motsi bai yi santsi ba, akwai wata 'yar tangarɗa da hannu ke ji ko da ido bai kama ta ba. Tsarin Nagle ne. A 1984 John Nagle ya ga yadda harafi ɗaya da aka danna yake tafiya cikin fakiti, wato ƙunshin da bayanai ke tafiya a cikinsa a netwok, mai bayit 40 na bayanin kai, irin su adireshi da lambar jeri, ya kawo ƙa'idar cewa muddin akwai abin da aka aika ba a amsa ba, ƙananan saƙonni su taru su jira. A ɗaya ɓangaren kuma mai karɓa yana jinkirta amsarsa da fatan ya haɗa ta da wani abu, kamar milisakan 40 a Linux, har 200 a Windows. Kowa na jiran kowa. Ga mai tura fayil wannan tanadi ne, ga wasa mai bugun milisakan 33 kuwa asarar bugu guda ce ko shida. `TCP_NODELAY` ya kashe shi da layi ɗaya. Amma hujjar Nagle tana nan daram, don haka tarawar ta dawo hannuna: duk abin da zan gaya wa ɗan wasa a bugu ɗaya sai in haɗa shi, in kira `send` sau ɗaya.

A nan wasan ya yi kyau ƙwarai, a kan layi mai lafiya. Sai na lalata layin da kaina. Linux na da kayan aikin yin haka:

`tc qdisc add dev lo root netem delay 50ms loss 2%`

Wannan ya sa kowane fakiti ya yi lattin milisakan 50, zuwa da dawowa 100 ke nan, kuma biyu cikin ɗari su ɓace. Lattin bai dame ni ba. Ɓacewar ce ta nuna mini iyakar TCP. Kana cikin gudu sai kowa ya daskare, sannan fuu, a ga mutane sun zabura sun tsallake rabin fili. Na buɗe Wireshark, manhajar leƙa fakitocin da ke wucewa, na bi sawu. Fakiti ɗaya ya ɓace, na bayansa uku ko huɗu duk sun iso lafiya, suna zaune a kenel ɗin ɗan wasa, amma an hana manhajar ganinsu har sai an sake aiko da wanda ya ɓace, saboda alƙawarin jere. In an yi sa'a, amsoshin da ke maimaita kansu za su sa mai aikawa ya gane da wuri. In ba a yi ba, sai agogon sake aikawa ya cika, kuma mafi ƙanƙantarsa a Linux milisakan 200 ne. Bugu shida ke nan. Abin haushin ma, fakitin da aka tsayar da duniya dominsa yana faɗin inda mutane suke ɗazu ne, labarin da na bayansa suka riga suka shafe. Sauran wuraren jira duk na samu makunnin kashe su. Wannan ba shi da makunni, shi ne TCP ɗin kansa. Ga wasan gini ko na dara, ko oho. Ga wasan harbi, ba zai yiwu ba.

Haka na koma UDP, ƙa'idar aikawa da ba ta alƙawarin isowa ko jere, hanyar da wasan Quake ya bi tun 1996 kuma yawancin wasannin harbi suke bi har yau. Takardar ƙa'idarsa ta 1980 shafi uku ce kacal, bayanin kansa bayit 8. Babu `listen`, babu `accept`, babu soket ga kowane mutum. Soket ɗaya ne ga kowa, `recvfrom` ya ba ka fakiti da adireshin wanda ya aiko, `sendto` ya aika. Rabin kod ɗin da na sha wahalarsa ya tafi: abin da aka aika a dunƙule, a dunƙule yake isowa ko kuma bai iso ba. In `epoll` ya tashe ni, sai in yi ta karantawa har in ji `EAGAIN`, domin abin da ya taru ya cika ma'ajiyar kenel zubar da shi ake yi ba sanarwa. A madadin wannan sauƙi, fakiti na iya ɓacewa, na iya zuwa sau biyu, na baya na iya riga na gaba, kuma babu mai gaya maka.

Sai na gina nawa bayanin kai. Bayit 4 na shaidar wasan, don a watsar da tarkacen da ba namu ba. Bayit 8 na tambarin zama, wanda sabar ke ba ɗan wasa idan ya shiga. Bayit 2 na lambar wannan fakiti. Bayit 2 na lambar fakiti mafi sabo da na karɓa daga wancan ɓangaren. Sai bayit 4, wato bit 32, kowane bit na faɗin ko ɗaya daga cikin fakiti 32 da suka gabaci wancan ya iso. Da na haɗa lissafi sai na ga 20, daidai da mafi ƙanƙantar bayanin kan TCP, har na yi dariya. Bambancin shi ne nawa labari kawai yake bayarwa, ba ya tsayar da kowa. Idan ɗan wasa ya ce na ƙarshe da ya gani 105 ne, bit na farko 1, na biyu 0, na san 104 ya isa, 103 bai isa ba. Kuma da yake kowane fakiti yana maimaita wannan labari, sai amsoshi da yawa sun ɓace a jere kafin in rasa sanin abin da ya faru.

Da wannan sani a hannu, na raba saƙonni gida uku, kowane da irin kulawarsa. Hoton duniya, wato inda kowa yake yanzu, ba a sake aika shi ko ya ɓace, na gaba yana tafe nan da milisakan 33. In tsoho ya iso bayan sabo, shara. Abin da ɗan wasa ya danna kuwa ba na so ya ɓace, amma ba na so a jira shi, don haka kowane fakitinsa yana ɗauke da duk dannawar da sabar ba ta amsa ba tukuna. 'Yan bayit ne, maimaita su ya fi arha a kan jiransu. Gida na uku su ne abubuwan da ke faruwa sau ɗaya: wane ya mutu, wane ya shigo, saƙon hira, an tashi wasa. Waɗannan ana ajiye su a jeri, ana cusa su cikin fakitoci har sai an ga wanda ya ɗauke su ya isa. Ƙaramin TCP ne, amma ga abin da ya cancanta kawai, kuma hoton duniya ba ya tsayawa a bayansa.

Girman fakiti ma sai da lissafi. Ethernet na ɗaukar bayit 1500, a cire 20 na IP da 8 na UDP, saura 1472. Amma hanyoyi da yawa ba su kai haka ba, musamman inda aka bi ta VPN, kuma fakitin da ya yi girma farfasa shi ake yi, gutsure ɗaya ya ɓace duka ya tafi. Na tsaya a 1200, adadin da QUIC, wata ƙa'idar da aka gina a kan UDP, ma ya ɗauka a matsayin abin da kowace hanya dole ta iya ɗauka. Ban ma kusanci iyakar ba. Kowane ɗan wasa bayit 8 ya ishe shi a hoto: lambarsa, wurinsa a bayit biyu-biyu, inda ya fuskanta, lafiyarsa, da 'yan alamu. Goma sha shida sun zama 128, harsasai su ƙara nasu. Ko fakiti ya kai 300, sau 30 a daƙiƙa ga mutum 16, bayit 144,000 ke nan a daƙiƙa ga ɗaki guda.

Lambar fakiti mai bayit 2 tana ƙarewa a 65,535 ta koma sifiri. A bugu 30, hakan na faruwa bayan kamar minti 36. Wanda ya rubuta "in sabuwar lamba ta fi tsohuwa girma, karɓa" zai ga wasansa lafiya lau a duk gajeren gwaji, sannan a tsakiyar doguwar fafatawa kowa ya daskare har abada, domin 0 ba ta fi 65,535 girma ba. Kwatancen da ke aiki shi ne a duba tazara: in ta gaza 32,768, babbar ita ce sabuwa, in ta wuce haka an zagayo ne, ƙaramar ce sabuwa. Ban zauna jiran minti 36 don gwaji ba, daga 65,500 nake sa lambar ta fara.

Shiga wasa shi ne inda UDP ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin adireshin mai aikawa abu ne da ake iya ƙirƙira. Mugu zai iya aiko da ɗan ƙaramin fakiti da adireshin wani bawan Allah, sabar ta yi ta antaya wa wancan manyan amsoshi, ta zama sandar dukan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka gaisuwar ta zama mataki biyu. Ɗan wasa ya nemi shiga, sabar ta mayar masa da wata lambar ƙalubale, ya dawo da ita, sannan a ba shi gurbi da tambarin zama. Mai adireshin ƙarya ba zai ga ƙalubalen ba balle ya dawo da shi. Fakitin neman shiga kuma na cika shi da sifirai har ya fi amsar girma, don kada a samu riba a amfani da ni. Tambarin ya yi wani amfanin kuma. Yawancin 'yan wasa suna bayan rauta mai sauya adireshi, wasu rautocin kan manta da hanyar UDP bayan daƙiƙa 30 na shiru, kuma wanda wayarsa ta sauka daga Wi-Fi ta hau data adireshinsa gaba ɗaya ya canza. Tunda da tambari nake gane mutum, sai kawai in sabunta adireshinsa wasa ya ci gaba. A TCP da haɗuwar ta mutu. Sai dai tambari tsirara ba ya kare ka daga wanda ke iya leƙen layin, wannan aikin ɓoye saƙo ne, da DTLS ko makamancinsa.

Ban taɓa barin manhajar ɗan wasa ta gaya wa sabar inda take ba. Abin da aka danna kawai take faɗa, sabar ce ke yanke inda mutum ya kai, in ba haka ba duk mai iya taɓa kod zai riƙa ratsa bango. Amma hakan na nufin in ka danna gaba, sai saƙo ya je ya dawo kafin ka motsa, kuma milisakan 100 a hannu kamar tafiya cikin taɓo ne. Maganin tun QuakeWorld na ƙarshen 1996 aka san shi: manhajar ɗan wasa ta motsa shi nan take bisa hasashe, ta ajiye dannawar, idan hoton sabar ya iso ta koma inda sabar ta ce, ta sake bin dannawar da ba a amsa ba. Galibi wuri ɗaya ake faɗawa, ido bai ga komai ba. Sauran 'yan wasa kuwa ba a iya hasashen zuciyarsu, don haka ana nuna su a baya kaɗan, ana zana su tsakanin hotuna biyu da suka riga suka iso. Na ɗauki milisakan 100, adadin da injin Source na Valve ya zo da shi. Tazarar hoto uku ke nan a wajena, ko ɗaya ya ɓace akwai na cike gurbi.

Na mayar da `netem`, wannan karon na kai ɓacewa kashi 5, na ƙara da rikita jeri. Daskarewar nan da zaburar babu su. Abin da ya bayyana a madadinsu shi ne rigimar harbi: mai harbi yana ganin abokin hamayya inda yake ɗazu, ya saita daidai, sabar kuma ta ce wancan ya riga ya wuce. Sai na sa sabar ta riƙa ajiye tarihin wurin kowa na 'yan bugun baya, idan harbi ya iso ta mayar da duniya lokacin da mai harbin ke gani, ta yanke hukunci a can. Mai harbi ya ji daɗi. Wanda aka harba kuwa wani lokaci sai ya ga ya riga ya shige bayan bango sannan ya faɗi, kuma yawan lattin mai harbi, yawan faruwar hakan. Babu saitin da zai gamsar da su biyun, sai dai a zaɓi iyakar komawa baya. Na tsayar da tawa a milisakan 200. Wanda lattinsa ya wuce haka, sai ya koyi harba wa ɗan gaban mutum.